Ƙusa ko bis: wanne ke riƙe aiki, kuma ina za a kai ragowar da ta cika gwangwani?

Duk shekara, daga ƙarshen watan Mayu zuwa cikin Yuni, hadarin farkon damina kan zo da iska mai ƙarfi da jar ƙura kafin ɗigon ruwa ya sauka. Washegari, a unguwannin Maraɗi, Damagaram, Tawa ko Yamai, da wuya a rasa gidan da aka wayi gari kwanon rufinsa na kwance a tsakar gidan maƙwabci, wani lokacin ma tare da katakon da aka kafa shi a kai. Mai gida ya ɗora laifi a kan kafinta, kafinta ya ce mai gida ne ya ƙi fitar da kuɗin kaya masu kyau. Amma idan aka ɗaga kwanon aka duba, sau da yawa labarin yana jikin wani ɗan ƙarfe da bai wuce tsawon yatsa ba. Ko dai an sa ƙusa inda ake bukatar bis, ko an sa bis inda ƙusa ta fi dacewa, ko kuwa an ɗebo tsofaffin da aka miƙe daga gwangwanin da ke ƙarƙashin teburin aiki.

Mutane da yawa sun ɗauka cewa bis, wanda a Najeriya ake kira sukuru, shi ne ƙusar masu kuɗi: ya fi tsada, don haka ya fi ƙarfi a ko'ina. Ba haka ba ne. Kowannensu yana da irin nauyin da yake iya ɗauka, kuma tambayar da ya kamata a yi kafin a ɗauki marto ko turnabis ita ce: ta wane ɓangare ne ƙarfi zai zo wa wannan mahaɗa?

Ƙusa ana yanka ta ne daga wayar ƙarfe mai ɗan taushi. Shi ya sa take lanƙwashewa idan aka buga ta a karkace, abin da ke ba yaran shago haushi. To wannan taushin shi ne amfaninta. Idan katako biyu da aka haɗa suna neman zamewa, ɗaya ya yi nan ɗaya ya yi can, kamar yadda ƙwarangwal ɗin rufi ke yi lokacin da iska ke girgiza shi, ƙusa takan lanƙwasa kaɗan ta ci gaba da riƙo. Ba ta karyewa farat ɗaya, kuma kafin ta saki mutum zai ji ƙara ko ya ga giɓi. Rauninta yana wani wuri: idan aka ja ta ta hanyar da ta shiga, ba abin da ke riƙe ta sai matsin da zaren katako ya yi wa jikinta. A ƙasar da katako ke kumbura da damina, ya bushe ya ƙanƙance da hunturu da bazara, wannan matsin yana raguwa shekara bayan shekara. Duk wanda ya taɓa zama a kan benci, kan ƙusa ya yaga masa wando, ya ga sakamakon.

Bis kuwa da haƙoran da suka naɗe jikinsa yake riƙo. Suna cizon katako, suna jawo fuska biyu su manne, kuma fizge shi kai tsaye aiki ne. Ga shi ana iya kwance shi a mayar ba tare da an farfasa katako ba. Saboda haka shi ne gwanin gado, kabad, tebur, mariƙin ƙofa, kuba, da maƙalar ƙyaure, wato ƙarfen nan da ƙofa ke juyawa a kansa. Ƙofar da aka kafa wa maƙala da ƙusa, kowace buɗewa tana jan ƙusar waje kaɗan-kaɗan, har ranar da ƙyauren zai fara shara a ƙasa. Sai dai yawancin bis an gasa ƙarfensu ya yi tauri domin kada kan ya lalace wajen ɗaurewa, kuma ƙarfe mai tauri ba ya lanƙwasa, karyewa yake yi.

A nan ne ake yawan yin kuskure mai tsada. Akwai wani baƙin bis, siriri, mai kaifin baki, da ya cika shagunan kayan gini saboda arha da saurin shiga. An ƙera shi ne don kafa allon silin na filasta a cikin ɗaki, inda ba ruwa ba girgiza. Tun da injin ɗaure bis mai batir ya yawaita, ana ganin masu aiki suna sa shi a ko'ina, har a katakon rufi da rumfuna da tsani. Wannan bis ɗin yana tsatsa da wuri, kuma idan nauyi ya zo masa ta gefe sai ya ɓalle a wuya kamar ƙashin kifi, ba tare da wata alama ba. Akwai bis masu kauri da aka yi musamman don ɗaukar nauyin gini, amma ba su ne ake aunawa a leda a bakin kasuwa ba. Inda nauyi ya yi yawa kuma ake jijjiga abu kullum, kamar teburan ƴan makaranta ko amalanke, noti mai ratsa katako ya fita ta ɗaya gefen, wanda wasu ke kira bulon, tare da randel ɗinsa, ya fi su duka biyun.

Abin da ke faruwa a kan rufi

Iska ba tura kwano take yi ba, ɗaga shi take yi. Idan ta bi ta saman rufi da gudu takan tsotse shi sama, idan kuma ƙofa ko taga ta buɗe, iskar da ta shiga ɗaki ta ƙara tura shi daga ƙasa. Ke nan ƙarfin yana zuwa ne daidai ta inda ƙusa mai santsi ta fi rauni. Wannan ne dalilin da ya sa ƙusar kwano ta bambanta: tana da faffaɗan kai kamar lema don kada kwano ya yage ya fice, kuma mai kyau daga cikinta jikinta a murɗe yake ko yana da zobba, ta yadda za ta ciji katako kusan kamar bis. Ana buga ta a kan tudun kwano, ba a cikin kwarin da ruwa ke bi ba, da ɗan roba a ƙarƙashin kai. Kusurwoyi, bakin rufi da tsakiyar doro su ne inda iska ke fara kamawa, don haka nan ake ƙara yawan ƙusoshi. Tsimin ƙusa a bakin rufi shi ne tsimin da ya fi kowanne tsada.

Idan ƙarafa aka shimfiɗa maimakon katako, kamar yadda ake yi a sababbin gine-gine, sai ƙugiya mai noti ko bis mai huda ƙarfe da kansa, shi ma da robarsa. Kada a ɗaure har robar ta fashe, domin nan ne yoyo zai fara. Sannan a lura da irin ƙarfen. Ƙusar waje ya kamata ta zama mai shafen zinki, wadda ake kira galba. Baƙar ƙusa a kan kwanon alminiyam, idan ruwa ya shiga tsakaninsu, ƙarafan biyu ba sa jituwa, kuma kwanon ne ke ciwuwa a kewayen ramin har ya yi faɗi.

Duk da haka, rufin da ya tashi tare da katakonsa ba laifin ƙusar kwano ba ne. Ta riƙe, ƙwarangwal ɗin ne ba a ɗaure shi da bango ba. Ba ƙusa ko bis da zai maye gurbin rodi mai lamba 6 ko faffaɗan ƙarfen ɗauri da aka binne cikin gini aka naɗe katako da shi. Duwatsu da bulo da ake jerawa a kan rufi shaida ce cewa mutane sun san matsalar, amma ranar da iska ta fi ƙarfinsu, su ma ƙasa za su faɗo, kuma a ƙasan akwai mutane.

Tsawo da irin katako

Ƙa'idar da ta daɗe a hannun kafintoci ita ce, ƙusa ta kai kamar ninki biyu da rabi zuwa uku na kaurin katakon da za a kafa, ta yadda kashi biyu cikin uku na tsawonta zai nutse a katakon ƙasa. Falanki mai kaurin santimita 2 da rabi yana son ƙusar santimita 7 ko 8. A Nijar da santimita ake kiran ƙusa, a ce ta 6, ta 8, ta 10, amma kayan da ke shigowa daga Kano ko Katsina da inci ake kiransu. Inci ɗaya milimita 25.4 ne, wato inci 3 ya kusa ta 8, inci 4 ya yi daidai da ta 10. A kwalin bis kuma, idan aka ga 4 x 40, lambar farko kauri ce, ta biyu tsawo, duka a milimita.

Farin katako mai taushi yana karɓar ƙusa ba gardama. Jan katako mai tauri yakan tsage, musamman kusa da baki. Dabarar ita ce a ɗan daƙile tsinin ƙusar da marto kafin a buga, domin mai tsini raba zaren katako take yi kamar gatari, daƙiƙiya kuwa murƙushe shi take yi ta wuce. Ga bis, a fara huda rami wanda bai kai kaurinsa ba, a goga masa kyandir. Wasu da sabulu suke yi, yana shiga da sauƙi, amma sabulu na jawo danshi ya kawo tsatsa. Azarar giginya ba a maganarta, ɓawonta na mayar da ƙusa baya, kuma ba banza ba magina na dā suke jera ta ko su ɗaure ta. Ƙusoshi biyu da aka buga a karkace, suna fuskantar juna, sun fi biyu da aka buga a tsaye riƙo. Wadda ta ratsa ta fito aka kwantar da bakinta a baya, kamar yadda ake yi wa ƙyauren falanki, sai dai katakon ya ruɓe.

Abu ɗaya da ba shi da uzuri shi ne buga bis da marto don a gama da wuri. Haƙoran da ya kamata su yanka wa kansu hanya sai su kekketa katakon, a samu abin da bai kai ƙusa riƙo ba, bai kuma kai bis ba. Daga waje ba a ganewa, shi ya sa mai sayen kabad ko gado ya kamata ya nemi a kwance masa guda ɗaya a gabansa. Idan yana juyawa ba ya fitowa, an buga shi ne. Yawan lalacewar kan bis kuma daga turnabis ne. Mai kan gicciye iri biyu ne da suka yi kama: Phillips, wanda ya bazu daga masana'antun motoci na Amurka a shekarun 1930, da Pozidriv, wanda ke da wasu ƙananan layuka huɗu tsakanin hannuwan gicciyen. Bakin ɗaya yana shiga kan ɗayan, amma ba ya zama daidai, sai ya riƙa zamewa har ya cinye shi.

Bango ma haka. A bulon siminti, a huda a sa ƴar robar nan da ake kira shebil sannan a ɗaura bis. Ƙusar kankare tana shiga, amma tauri gare ta, idan ta ɓalle ɓarɓashinta ido yake nema. A ginin ƙasa babu wanda ke riƙe abu mai nauyi cikinsu, sai turken itace da aka kafa da zurfi.

Gwangwanin ƙarƙashin tebur

Kowane shagon kafinta yana da shi, haka ma kusan duk gidan da aka taɓa yin gini: gwangwanin madara ko yankakken bido cike da ƙusoshi lanƙwasassu, bis marasa kai, notin da ba a san abokinsa ba, tsohon kwaɗo ba makulli. Ba a zubarwa saboda wata rana za a nema, kuma ranar da aka nema ba a samu, sai a aiki yaro kasuwa. Idan mai shago ya tashi ko ya rasu, magada su tarar da buhu biyu ko uku da ba su san darajarsu ba.

Adana ƙusa ba sabon abu ba ne. Kafin injin yanka waya ya zo a ƙarni na 19, har Faransawa suka riƙa kiran sabuwar ƙusar da sunan birnin Paris, maƙera sun daɗe suna ƙera kowace ɗaya da hannu. A Inchtuthil, can ƙasar Sikotlan, sojojin Rum da suka tashi daga sansaninsu wajen shekara ta 87 miladiyya sun haƙa rami sun binne ƙusoshi fiye da 700,000, kuma masana na ganin sun yi haka ne don kada abokan gaba su mayar da ƙarfen makamai. Da aka tono su wajen 1960, na waje sun yi tsatsa sun dunƙule, na ciki kuwa da iska da ruwa ba su kai gare su ba suna nan da kyansu. Abin da ke kashe ƙarfe ke nan, danshi da iska, kuma gwangwani buɗaɗɗe a ƙasan rumfa yana samun duka biyun.

Aikin yini ɗaya ne. A zazzage komai a kan buhu ko tsohon kwano, a samo maganaɗisu, wanda ake cirowa daga bayan tsohuwar lasifika. Abin da ya manne baƙin ƙarfe ne. Abin da bai manne ba a ware shi gefe, domin ko dai tagulla ce, ko jan ƙarfe, ko alminiyam, ko kuma ƙarfen inoks da ba ya tsatsa, kuma duk sun fi baƙin ƙarfe kuɗi a sikeli. Wanda ya miƙa wa ƴan gwangwan buhu a cakuɗe, a farashin mafi arha za a auna masa duka. Tsofaffin kuba da maƙalan ƙofa na tagulla ma sau da yawa sun fi sababbin kasuwa inganci, wanki kawai suke so.

Daga nan sai a zaɓi abin ajiyewa, kuma a nan ya kamata a rage tausayi. Noti da randel su ne suka fi cancanta, domin ba sa lalacewa da wuri kuma ɗai-ɗai ake sayensu. A haɗa kowane da abokinsa tun yanzu. Mai kaurin milimita 6 yawanci kile 10 ke kama shi, mai 8 kile 13, mai 10 kile 17 ko 16, amma a babura da motocin Japan za a tarar mai 8 da kile 12, mai 10 da kile 14. Lambar da ke kan noti, kamar 4.6, 8.8 ko 10.9, ƙarfinsa take nunawa. Mai ƙaramar lamba ko marar lamba ya isa tebur, amma kada ya kusanci birki ko ƙafar mota. Bis kuma, idan kansa ya cinye ko haƙoransa sun lallatse, ya gama aiki. Ajiye shi tanadin ɓacin rai ne ga wanda zai zo kwance shi nan gaba. Masu ɗan jan tsatsa a sama ana jiƙa su cikin binegar kwana ɗaya, a goge, a shanya sosai. Noti ana iya shafa masa ɗan mai. Ƙusa kuwa a bar ta a bushe cikin abu mai murfi, tunda da matsi take riƙo, mai kuma santsi yake ƙara mata.

Ƙusar da aka ciro aka miƙe tana da wurinta: katakon zubin kankare, akurkin kaji, akwatin kaya, shinge. Duk lanƙwasa da miƙewa na rage mata ƙarfi, idan galba ce kuma shafenta ya riga ya kankare. Ba ta hawa rufi, ba ta shiga tsani ko gadon da magina ke takawa. Abin da ya yi wa shago yawa, yaran da ke shirin buɗe nasu wurin za su karɓa da murna, haka ma cibiyoyin koyon sana'a na CFM da ke ƙananan hukumomi. Sauran ya tafi sikeli. A Yamai, kasuwar Katako ta daɗe tana haɗiye irin waɗannan kaya, inda alminiyam ke komawa tukunya, ƙarfe ya koma murhu ko kayan noma, kuma kowane babban gari yana da masu wannan sana'a.

Inda bai kamata su je ba shi ne bola da murhu. Guntayen katako masu ƙusa da ake kwasa a yi girki da su, itacen ne ke ƙonewa, ƙusar tana nan cikin toka. Tokar ta tafi juji, jujin ya zama taki, takin ya isa gona ko ya watsu inda dabbobi ke kiwo. Akuya da tunkiya suna zaɓen abin da za su ci da leɓe, saniya kuwa naɗewa take yi da harshe ta haɗiye. Ƙusa ko guntun waya kan zauna a ɓangaren cikinta mai kama da saƙar zuma, wanda ke dab da zuciya, kuma idan ya huda sai a ga sa ya daina ci, ya ƙi tafiya, ya rame. Mai turkar da ya kwashe watanni yana ciyarwa yana iya rasa jarinsa a kan ƙusar da ba ta kai dala ba.

Ga mutane kuma akwai tetanos, cutar da ke ɗaure muƙamuƙi ta sandarar da jiki. Ba tsatsa ke kawo ta ba, kamar yadda ake yawan faɗa. Ƙwayar cutar tana zaune ne cikin ƙasa da kashin dabbobi, kuma tana son rauni mai zurfi mai ƙaramin baki wanda iska ba ta shiga, irin wanda ƙusa ke yi a tafin ƙafa. Sabuwar ƙusa mai ƙyalli da ta kwana a turɓaya ma tana iya kai ta. Alamomin kan bayyana tsakanin kwana 3 zuwa 21, lokacin da ramin ya riga ya rufe an manta da shi. Wanda ya taka ƙusa ya wanke wurin da ruwa mai tsabta da sabulu, kada ya cusa toka, ƙasa ko baƙin mai, ya je CSI ko asibiti a ranar, ya faɗa wa ma'aikatan lafiya yaushe rabonsa da allurar rigakafi, ko da ciwon bai dame shi ba.

A wuraren gini, falankin da aka ɓamɓaro daga zubin kankare shi ne ya fi yin wannan ɓarna, domin ana jefar da shi ƙusoshi na kallon sama, a unguwar da yara ke wasa ba takalmi. Idan tun wajen kafawa an bar kan ƙusar ya ɗan fito, cire ta ba ya ɗaukar lokaci, in kuwa ta ƙi fita a kwantar da bakinta nan take. Bayan an tashi aiki, maganaɗisun nan na lasifika, a ɗaura masa igiya a saka shi cikin leda, a ja shi a ƙasa daga bakin shago zuwa bakin titi. Idan ya cika, a juya ledar ta baya a zare shi, ƙarafan su zauna a ciki.